Ajin da yaro ke zaɓar aikinsa: yadda ake shirya shi da inda yakan lalace

Yarinya 'yar shekara uku ta ɗauko tire daga kanta, ta riƙe shi da hannu biyu tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A kan tiren akwai ƙananan kwanuka biyu, na hagu cike da wake, na dama babu komai, ga cokali a tsakani. Ta zauna ta fara kwashe waken zuwa ɗaya kwanon. Ƙwaya uku suka zube a kan tire. Ta tsaya, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya da 'yan yatsunta, ta ci gaba. Da ta gama sai ta juya tiren ta sake farawa. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya tafa mata, malama kuma tana can gefe tana nuna wa wani yaro yadda ake naɗe tabarma.

Wanda bai saba ba zai ce ai wannan wasa ne, ina karatun? Karatun yana nan cikin aikin. Yatsu ukun da ta riƙe cokali da su, su ne za su riƙe fensir nan da shekara guda. Kwashewar daga hagu zuwa dama ita ce hanyar da idonta zai bi a rubutun boko. Abin da ya fi duka kuwa shi ne ta zauna minti goma sha biyar a kan abu guda bisa son ranta, kuma yaron da bai iya wannan ba, ko an tura masa ABCD a kai ba zai zauna ba.

Wannan tsari ya fi shahara da sunan Maria Montessori, likita 'yar ƙasar Italiya da aka haifa a 1870. Ranar 6 ga Janairu 1907 ta buɗe ajinta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, ta kira shi Gidan Yara. Iyayen yaran 'yan ƙwadago ne da ke fita tun safe, yaran kuma suna yini suna ɓata bangon gidajen haya, shi ya sa masu gidajen suka yarda a tara su a ɗaki guda. Da farko kayan aikin a kulle suke a kabad, malama ce ke raba wa yara. Montessori ta ba da labarin wata rana da malamar ta manta ba ta kulle kabad ɗin ba, ta kuma makara. Da ta iso sai ta tarar yaran sun buɗe, kowa ya ɗauki abin da ransa ke so yana aiki. Malamar ta ɗauke shi a matsayin laifi. Montessori ta ga wani abu daban: yaran sun san kayan sosai har sun iya zaɓa. Daga nan aka koma ga gajerun kantoci a buɗe.

Yau a garuruwanmu za ka ga sunan Montessori a allon makarantun kuɗi da yawa, domin sunan ba mallakar kowa ba ne, duk mai so zai iya rubuta shi a ƙofa. Ka leƙa ciki sai ka tarar da yara 40 a jere kan benci suna maimaita abin da Anti ta faɗa da ƙarfi. Ba na ganin laifin malaman, yawancinsu ba a taɓa nuna musu wani abu daban ba. Saboda su nake rubuta wannan, domin abin da ake buƙata bai kai tsadar da ake zato ba, wahalarsa a wani wuri take.

A fara da ɗakin. Ki durƙusa a bakin ƙofa har idonki ya zo daidai da na yaro ɗan shekara uku, sannan ki duba. Duk abin da ba ki iya gani ko miƙa hannu ki ɗauka daga nan, ba na yaron ba ne. Kanta kada ta wuce tsayin santimita 60 zuwa 70, hawa biyu ko uku, babu ƙofa. A kowane hawa a jera aiki uku ko huɗu kawai, da tazara a tsakaninsu, mai sauƙi a hagu, mai wuya a dama. Kowane aiki da tirensa ko kwandonsa, kuma duk abin da ake buƙata yana ciki. Idan aikin zuba ruwa ne, to har ɗan soson goge abin da ya zube yana kan tiren. A cire mafi yawan bencina, a bar 'yan tebura kaɗan, a bar fili a tsakiya. A tanadi ƙananan tabarmi, faɗin santimita 60 tsawon 90 ko kusa da haka, a naɗe su a tsaye cikin kwando. Tabarmar nan ita ce iyakar yaro: abin da ke kanta nasa ne har ya gama, ba mai taka ta, ba mai taɓa abin da ke kai sai da izininsa. Makon farko ana iya ƙare shi wajen koyon shimfiɗa tabarma, naɗe ta, da kewaya ta wani ba tare da an taka ba. Wannan mako ba asara ba ne, idan aka tsallake shi za a biya bashinsa duk zangon.

Kowane aiki guda ɗaya tak ake ajiyewa. Malamai da yawa suna ganin wannan zai jawo faɗa, sai su yi tire biyar iri ɗaya. Kuskure ne. Idan abu ɗaya ne, yaro dole ya jira, ko ya tsaya ya kalla da hannuwansa a baya, ko ya zaɓi wani abu. Haƙurin da ake ta yi wa yara wa'azinsa a nan yake shiga jikinsu.

Rukunin farko, kuma wanda ya fi muhimmanci ga 'yan shekara uku, shi ne ayyukan gida. A nan ba mu da abin da za mu aro daga Turai, domin gidajenmu cike suke da su. Kwashe wake da cokali. Zuba gero daga ƙaramin jog zuwa wani, in hannu ya faɗa sai a koma shinkafa, sannan ruwa. Zuba ruwa a kwalba ta mazurari. Tsince tsakuwa daga wake a kan faifai. Tankaɗe da ƙaramin rariya. Shara da tsintsiyar da aka rage wa tsawo, a zana ɗan murabba'i da alli a ƙasa inda za a tara sharar, don yaro ya san inda ya dosa. Wanke hannu da buta da sabulu, wankin hankici da shanya shi da abin maƙale kaya, ɓare gyaɗa, yanka ayaba da wuƙa marar kaifi, saka maɓalli da jan zif a kan yadin da aka ɗaure a firam na katako. Kayan su zama na gaske, ƙanana dai. Kofin tangaran da zai iya fashewa ya fi na roba koyar da kula, kuma in ya fashe a share tare, ba faɗa.

Sai a kula da abubuwa uku. Yaro na iya cusa wake a hanci ko kunne, ɗan ƙasa da shekara uku kuma na iya shaƙewa da shi, don haka ƙananan ƙwayoyi ba na ajin 'yan shekara biyu ba ne, kuma ko a babban aji a ajiye su inda idon malama ke kaiwa. Hatsin da aka bari a buɗe yakan yi ƙwari ya jawo tururuwa da ɓera, a rufe shi kullum bayan tashi, a sauya duk mako biyu ko uku. Ruwa kuma kada ya wuce rabin ƙaramin jog, yadda ko duka ya zube soso ɗaya zai tsane shi.

Yadda ake nuna aiki shi ne inda malamai suka fi faɗuwa. Ki je wurin yaro ɗaya, ki sunkuya ki ce, "Zo in nuna maka wani abu." Ku je kanta tare, ki faɗi sunan aikin, shi ya ɗauko. Ki zauna a gefen damansa idan da dama kike aiki, don kada hannunki ya tare masa gani. Sannan ki yi shiru. Ki yi aikin a hankali ƙwarai, kina rarrabe kowane motsi: kama hannun jog, ɗagawa, kai bakinsa tsakiyar ɗayan, karkatawa, jiran ɗigon ƙarshe, ajiyewa ba tare da ƙara ba. Yaro ƙarami ba ya iya kallon hannu da sauraron baki a lokaci guda. In kina magana, bakinki zai kalla, ya rasa abin da hannun ya yi. Da kin gama ki ce, "To, kai ma gwada. In ka gama ka mayar da shi wurinsa." Ki tashi ki ba shi wuri. Duka bai fi minti uku ba.

Daga nan ne jarrabawar malama ke farawa. Yaron zai riƙe jog ɗin a karkace. Zai zubar. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayi ki gyara masa. Ki riƙe hannunki. An ƙera kayan yadda su da kansu za su nuna masa kuskure: gero a kan tire, ruwa a ƙasa, maɓalli ɗaya da ya rage babu rami. Idan kullum ke ce mai cewa "ba haka ba", yaro zai daina duba aikinsa ya koma duba fuskarki. Yabo ma haka yake yi. "Kai, ka yi ƙoƙari, a tafa masa!" a tsakiyar aiki yana yanke natsuwar kamar yadda tsawa ke yanke ta. Montessori ta ba da labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara uku da ke saka turakun katako cikin ramukansu tana fitarwa. Ta sa sauran yara suka yi waƙa, har ta ɗaga yarinyar da kujerarta ta ɗora a tebur, amma ba ta daina ba sai da ta maimaita fiye da sau 40, sannan ta ɗago kai fuskarta a sake. Irin wannan natsuwa ake nema, kuma kalma ɗaya na iya kashe ta. In kin ga yaro ya kasa gaba ɗaya, ki rubuta a littafinki, gobe ko jibi ki sake nuna masa daga farko kamar ba ki taɓa nunawa ba.

Wannan ba yana nufin an sakar wa yara ragama ba. Abu uku ake tsayarwa nan take, babu jira: cutar da wani, lalata kaya, da hana wani aikinsa. Yaron da ke jifa da wake, ki je ki dafa shi ki ce, "Wake na cokali ne. Mu tsince, mu mayar." In ya ƙi, aikin ya koma kanta, shi kuma ya zauna kusa da ke har ya huce. Ba bulala, ba durƙuso, amma kuma ba sassauci.

Rukuni na biyu shi ne kayan horar da ido, hannu da kunne. Nan ake buƙatar kafinta mai haƙuri. Hasumiyar da aka fi sani a wannan tsari, wadda yaro ke ginawa da kansa, dunƙulallen katako ne guda 10 masu siffar dunƙulen magi, mafi ƙanƙanta santimita 1 ta kowane gefe, mafi girma santimita 10, kowane ya fi mai bi masa a girma da santimita 1 daidai. Jajayen sanduna 10 ne, daga santimita 10 zuwa mita 1, kaurinsu ɗaya. A ja kunnen kafinta a kan awo, domin in ya yi "kusan daidai" kayan sun tashi daga aiki: bambancin da idon yaro zai kama shi ne darasin. Kuma duka a shafa musu fenti kala ɗaya. Masu son ado sukan ce a yi kowane da kalarsa don ya yi kyau, sai yaro ya haddace cewa shuɗi ke bin ja, ya daina duba girma. Ƙa'idar ita ce abu ɗaya ne kawai zai bambanta a kowane aiki. Yaro ya ɗauko dunƙulen ɗaya-ɗaya daga kanta zuwa tabarma, zuwa goma ke nan, ta haka hannunsa ke jin yadda nauyi ke ƙaruwa. Ƙaramin nan na santimita 1 kuwa shi ne ke ɓata kullum, yakan tafi gida a aljihu, don haka a sa kafinta ya yanko uku ko huɗu tun farko.

Sauran ana iya haɗa su a gida. Gwangwanaye 12 iri ɗaya da ba a ganin cikinsu, a yi su biyu-biyu da yashi, gero, shinkafa, wake, tsakuwa da gishiri, a liƙe murfin sosai, yaro ya girgiza ya haɗa masu ƙara ɗaya. Ƙyallaye biyu-biyu na atamfa, shadda, leshi, buhu da karan-miski, ya haɗa su ido a rufe. Ƙananan kwalabe na kanumfari, citta, lemon tsami da daddawa don hanci.

Sunaye kuma ana koyar da su ta mataki uku, dabarar da Montessori ta ɗauko daga likitan Faransa Édouard Séguin. Ki ajiye abu biyu ko uku. Mataki na farko ke ce mai faɗa: "Wannan dogo ne. Wannan gajere ne." Na biyu shi ne mai nunawa: "Miƙo min dogo. Ɗora gajere a kanka. Kai dogo bakin ƙofa." A nan ake daɗewa, ana sauya musu wuri, domin nan ne sunan ke zama. Na uku sai ki nuna ki ce, "Wannan fa?" Yawancin malamai daga na farko suke tsallakawa zuwa na uku, yaro ya kasa, a ce ba ya ganewa. In ya yi kuskure a na uku kada ki ce a'a, ki koma na biyu, ko ki rufe darasin da fara'a sai wata rana.

A wajen karatu mai Hausa yana da sa'ar da mai Turanci ba shi da ita, domin rubutunmu kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. A yanko haruffa daga sanfefa (takardar da kafinta ke goge katako da ita) mai laushi, a manna a kwali mai kauri kamar tafin hannun babba, wasula a kan shuɗi, baƙaƙe a kan ja. Yaro ya bi harafin da yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, ta hanyar da ake rubuta shi, yana faɗin sautinsa: "mmm", ba "em" ba. Kafin haruffa ma a yi wasan kunne na makonni: ki riƙe kofi ki ce, "A hannuna akwai abin da ya fara da k." A fara da a, i, u, m, n, s, k, b, domin da su kaɗai ana gina mama, kaka, nama, masa, suna. Kada a haɗa b da d rana ɗaya, balle ɓ da ɗ, a raba su da makonni. Su sh da ts a yi musu kwali guda kowanne, tun da sauti guda ne. Bayan sanfefa sai tiren yashi mai laushi, ya rubuta da yatsa, in bai yi ba ya girgiza ya sake, babu jan biro. Sannan a ba shi yankakkun haruffa a akwati ya jera kalmomin da ke ransa a kan tabarma. Sau da yawa yaro kan jera kalma kafin ya iya karanta ta, kuma ba matsala ba ce. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, ya san ɗaki guda da kowane yaro ke kan nasa darasi, babba na biya wa ƙarami.

Lissafi ma a hannu yake farawa. Akwati mai gida 10, an rubuta 0 zuwa 9, da sanduna 45 daidai, ba ƙari ba ragi. Yaro ya ƙirga a hannunsa ya zuba a kowane gida. In ya zo gidan 9 ya ga saura takwas, ko ya gama ya ga ragowa, ya san akwai inda ya kauce, shi zai koma ya nemo. Gidan sifiri kuma a bar shi fanko, wannan ne karon farko da zai ga "babu" tana da lamba. Bayansa katunan 1 zuwa 10 da marafen robar ruwa 55 kala ɗaya, a jera su biyu-biyu a ƙarƙashin kowace lamba, yaro ya ga waɗanda ke da ɗaya da ya rage ba abokin tafiya. Na ƙarfen kwalbar lemo suna da kaifi, a guje su. Sanda ɗaya in ta ɓata daga 45 ɗin nan aikin ya zama mai ruɗarwa, saboda haka ƙirga su aikin malama ne kowace rana.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in babu lokaci. A cikakken tsarin ana ba yara awa uku a jere da safe, ba ƙararrawa, ba "ku ajiye, lokacin waƙa ya yi". Bayan kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi ajin kan rikice, hayaniya ta tashi, yara su yi ta yawo. Montessori ta kira wannan gajiyar ƙarya. Malamar da ba ta sani ba sai ta tara su ta fara waƙa ko ta fitar da su waje. In da ta daure minti goma zuwa ashirin, tana zagayawa a natse, za ta ga sun koma da kansu, kuma a lokacin ne suke ɗaukar aiki mafi wuya na ranar. Makarantar da ba za ta iya ba da awa uku ba ta fara da minti 45, ta ƙara kwata duk mako biyu, amma a sani cewa ƙasa da awa biyu ba a cika ganin wannan zagaye na biyu ba.

Yawan yara shi ne ƙorafin kowa, kuma gaskiya ne. Aji irin wannan ya fi tafiya da yara 25 zuwa 30, malama ɗaya da mataimakiya, shekarunsu a gauraye daga uku zuwa shida. Gaurayawar ce ke rage wa malama nauyi, domin ɗan shekara biyar zai nuna wa ƙanensa yadda ake naɗe tabarma fiye da yadda ke za ki nuna. Yara 30 duka 'yan shekara uku, duka sababbi, aiki ne mai tsanani. In makarantar ta raba nazare ɗaya, biyu da uku, a gwada haɗa su da safe a sake rarraba su gida uku a gauraye. In kuwa yaran sun kai 50, a raba biyu, rabi a inuwa a waje suna aikin ruwa, yashi da shuka tare da mataimakiya, rabi a ciki, sannan a yi musanya. Kuma kada a cika kanta ranar farko. Aiki takwas zuwa goma sun isa, a riƙa ƙara ɗaya ko biyu a mako, bayan an nuna.

Akwai yaron da zai maƙale wa aiki ɗaya mako uku. In yana yinsa da natsuwa, a bar shi, akwai abin da yake nema a ciki. In kuwa ɓuya yake yi a bayansa, idonsa na yawo, sai ki gayyace shi ga na gaba. Akwai mai yawo da ba ya zaɓar komai, shi kada a tambaye shi "me kake so?", a rage masa zuwa biyu: "Shara za ka yi ko zuba ruwa?" Sanin wanne ne wanne ba ya samuwa sai da kallo. Ki ware minti goma kullum ki zauna a kujera da littafi, ba ki koyar da kowa. Shafi ɗaya ga kowane yaro, jerin ayyuka a gefe, ki ja layi ɗaya ranar da kika nuna masa, layi na biyu in yana maimaitawa da kansa, na uku ya rufe alwatika in ya ƙware. Daga littafin nan za ki san wa za ki nuna wa me gobe.

Shi ne kuma abin da za ki buɗe wa uban da ya zo yana cewa, "Malama, na biya kuɗi, yaro ya dawo ba aikin gida, littafinsa fari fat." Damuwarsa a kan hanya take, kada ki yi masa gardama. Ki ce, "Alhaji, don Allah ka zo ranar Laraba da ƙarfe tara, ka zauna mana minti ashirin." Ki ajiye masa kujera a kusurwa, ki roƙe shi kada ya kira yaron, kada ya taya shi. In ya tashi tafiya ki nuna masa shafin ɗansa, ki nuna masa haruffan da ya riga ya sani da yatsa, ki faɗa masa aiki biyu da za a iya ba shi a gida a wannan makon: ya zuba wa kansa ruwa daga ƙaramin jog, ya kuma saka maɓallan rigarsa ko da za a makara minti biyar.